Zafi, Sanyi da Cutar da ke Ƙarar da Kwaɗin Duniya

Cutar kitirid ciwon fata ne da ke kama kwaɗi da danginsu masu raba rayuwa tsakanin ruwa da tudu, irin su salamanda, wata halitta mai siffar ƙadangare amma mai danshin fata. Abin da ke haddasa ta wata ƙwayar fumfuna ce da ido ba ya gani, daga cikin babban dangin nan da ke kawo wa mutum makero da ƙyasbi, sai dai ita wannan ba ta kama mutum. A 1998 ne Lee Berger da abokan aikinta suka bayyana cewa ita ce ke kashe kwaɗi a kurmin Kwinsland ta Ostiraliya da kuma na Fanama. Shekara guda bayan haka Joyce Longcore ta Jami'ar Maine a Amurka, tare da wasu likitocin dabbobi biyu, suka raɗa wa ƙwayar suna Batrachochytrium dendrobatidis, masana kuma suka taƙaita shi zuwa Bd. Wani babban nazari da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa cutar ta rage yawan nau'o'i 501 na wannan dangi, 90 daga cikinsu ana zaton sun ƙare baki ɗaya. Ba a san wata cuta guda da ta yi wa namun daji irin wannan ɓarna ba.

Ɓarnar ba ta sauka ko'ina daidai ba. A ƙasa ɗaya, kai har a rafi ɗaya, sai a tarar kwaɗin da ke saman tsauni sun ƙare, 'yan'uwansu na gindin tsaunin kuwa suna nan suna kuka duk dare. Babban abin da ke raba waɗannan da waɗancan shi ne zafi da sanyi.

Yadda ƙwayar ke rayuwa da yadda take kisa

Bd tana fara rayuwa ne a matsayin ɗan iri mai wutsiya guda da ke iyo cikin ruwa. Idan ya dace da fatar kwaɗo sai ya manne, ya kutsa cikin ƙwayoyin fatar sama masu ɗauke da keratin, sinadarin da ake samu a farce da gashi. Nan zai kumbura ya zama 'yar jaka, cikinta sababbin iri su ƙyanƙyashe, sannan jakar ta fitar da ɗan bututu ta feso su waje. Wasu su koma kan fatar kwaɗon da suka fito, wasu su bi ruwa su sami na kusa. A digiri 22 na ma'aunin Salshiyas wannan zagaye yakan cika cikin kwana huɗu zuwa biyar. Jariran kwaɗi masu wutsiya a baki kawai suke da keratin, saboda haka sukan ɗauki ƙwayar ba tare da sun mutu ba. Mutuwar takan zo ne lokacin da suka rikiɗa suka fito da ƙafafu, keratin ya game jiki.

Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita yake wani ɓangare na numfashinsa, da ita kuma yake daidaita gishirin jininsa. Idan ƙwayar ta yi yawa sai fatar ta yi kauri ta riƙa saɓulewa. Kwaɗon ya daina cin abinci, ya zauna a fili da rana ƙafafun baya a baje, in an kifar da shi ya kasa juyowa. Jamie Voyles da abokan aikinta sun nuna a 2009 cewa sinadarin fotasiyam na jinin irin wannan kwaɗo yakan ragu da kusan rabi, sodiyam kuma da kusan kashi ɗaya cikin biyar, har zuciya ta tsaya.

Abin da ya sa yanayi ya shiga tsakiyar wannan lamari shi ne kwaɗo ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa. Mutum ko akuya ko kaza jikinsu na riƙe da zafi kusan iri ɗaya dare da rana. Kwaɗo kuwa zafin inda ya zauna shi ne zafin jikinsa. Ƙwayar da ke cikin fatarsa ita ma haka take. Ke nan duk sauyin yanayi yana taɓa su biyun a lokaci guda, sai dai ba ya taɓa su iri ɗaya.

A ɗakin gwaje-gwaje an auna iyakokin Bd dalla-dalla. Tana girma tun daga digiri 4 zuwa 25, ta fi bunƙasa tsakanin 17 da 25. A digiri 28 girmanta yakan tsaya, a 30 ta fara mutuwa in an daɗe, a 32 ta ƙare cikin kwana huɗu, a 37 kuwa awa huɗu ta ishe ta. Bushewa ma na kashe ta cikin 'yan sa'o'i. Ta ɓangaren sanyi abin ya bambanta: girmanta yana yin nawa, amma kowace jaka takan fitar da iri fiye da na lokacin ɗumi, irin kuma yakan daɗe yana iyo kafin ya gaji. Abin da ta rasa ta fuskar sauri tana mayar da shi ta fuskar yawa. Shi ya sa tafkunan da ƙanƙara ke rufewa watanni a tsaunukan Siyara Nebada na Kalifoniya ba su gagare ta ba, can ma ta kusa share kwaɗi masu rawayar ƙafa.

A daidai lokacin da ƙwayar ke jure sanyi, garkuwar jikin kwaɗo ja da baya take yi. Ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta sukan ragu, abin da fata ke tsattsafowa na kashe ƙwayoyin cuta ya yi ƙasa, kwaɗon kuma ya rage yawan zubar da tsohuwar fata, wadda hanya ce ta kakkaɓe ƙwayar. Sanyi sau biyu yake cutar kwaɗon ƙasar zafi.

Tsauni, rafi da lokacin shekara

A arewacin Kwinsland, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, kwaɗin rafukan kurmi sun ɓace daga wuraren da suka haura kimanin mita 400 a tudu, alhali nau'o'in nan ɗin dai sun ci gaba da rayuwa a ƙasa inda ya fi ɗumi. Waɗanda ba su da gida sai saman tsauni su ne suka ƙare ɗungurungum. Cikin waɗanda jihar ta rasa akwai nau'i biyu na wani kwaɗo mai ban al'ajabi, wanda macensa ke haɗiye ƙwanta ta rene su a tumbi sannan ta haife su ta baki. Na ƙarshe da aka gani a daji a 1985 ne. Binciken gawawwaki da na kwaɗi masu rai a gabashin ƙasar ya kuma nuna cewa cutar ta fi tsanani da hunturu da farkon ɗumi, ta lafa idan zafi ya kankama.

Labarin wani ɗan kwaɗon rafi mai suna Litoria lorica ya fi kowane nuna tasirin ɗumi. Tun 1991 aka daina ganinsa, aka fitar da rai. A 2008 sai ga shi a wani magangarar ruwa da ke gefen kurmin, wurin da itatuwa suka yi nesa da juna, rana na dukan duwatsu kai tsaye. Yawancin kwaɗin na ɗauke da Bd a jikinsu, amma ba ta kai su ƙasa ba. Da dare sukan fito su kwanta a kan duwatsun da suka yini suna shan rana, ɗumin da ya saura a jikin dutsen ya ɗaga zafin jikinsu na ɗan lokaci. Masu binciken, ciki har da Robert Puschendorf, sun gwada irin wannan ɗumi na ɗan lokaci a kan ƙwayar, suka ga yana rage mata girma ƙwarai. Inuwar kurmi mai duhu, wadda a da ita ce aljannar wannan kwaɗo, ita ta zame masa tarko. Jodi Rowley da Ross Alford sun ƙarfafa wannan a 2013, da suka bi sawun kwaɗin rafi ɗaya bayan ɗaya suka ga cewa gwargwadon lokacin da jikin kwaɗo ya yi sama da digiri 25, gwargwadon raguwar yiwuwar a same shi da cutar.

A jihar Arizona ta Amurka akwai maɓuɓɓugan ruwan ɗumi da ke gangarawa suna hucewa a hankali, saboda haka nau'in kwaɗo ɗaya yana zaune cikin ruwa mai zafi daban-daban. Inda ruwan bai kai digiri 15 ba, kashi 75 zuwa 100 cikin ɗari na kwaɗin na ɗauke da ƙwayar. Inda ya haura digiri 30, wato kwatankwacin ɗumin ruwan Wikki na Yankari, ba su kai kashi 10 ba.

Ko kwaɗo yana neman ɗumi da gangan idan ya kamu, wannan masana ba su daidaita a kai ba. An auna kwaɗin zinariya na Fanama a daji an ga jikinsu ya fi ɗumi lokacin annoba, amma gwajin ɗaki a kan wasu nau'o'i bai nuna suna sauya zaɓinsu ba. Abin da ya tabbata shi ne wanda ɗabi'arsa tun asali son wuri mai ɗumi ce ya fi tsira.

Taƙaddamar ɗumamar yanayi

Mai karanta abin da ya gabata zai iya yanke hukunci cewa ɗumamar duniya alheri ce ga kwaɗi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi sauƙin yi a kan wannan cuta, kuma tarihin gardamar ya cancanci a tsaya a kansa.

A kurmin Monteberde na Kosta Rika, saman tsauni inda hazo ba ya yankewa, akwai wani kwaɗo mai launin lemo da ake kira kwaɗon zinariya. A 1987 an ƙirga kimanin 1,500 sun taru a kududdufan barbara. A watan Mayun 1989 namiji ɗaya tak aka gani, daga shi ba a ƙara ganin wani ba. A 2006 Alan Pounds da abokan aikinsa suka wallafa ra'ayin cewa ɗumamar yanayi ce ta shirya wa cutar fage a can da sauran tsaunukan yankin. Hujjarsu ita ce ɗumi yana ƙara gajimare, gajimare kuma yana sanyaya rana ya ɗumama dare, sai yini da daren duka su faɗo cikin zangon da Bd ta fi so. Sun danganta wannan da ɓacewar kusan kashi biyu cikin uku na nau'o'in kwaɗin Atelopus, waɗanda yawansu ya kai wajen 110.

Karen Lips na cikin waɗanda suka ƙi yarda. Ita ta ga abin da idonta a El Kope ta Fanama, inda ta yi shekaru tana ƙirga kwaɗi babu alamar ƙwayar, sai a watan Satumban 2004 ta bayyana, cikin 'yan watanni aka tsinci gawawwakin nau'o'i 38 a bakin rafuka. A ganinta wannan baƙuwar cuta ce da ke tafiya kamar igiyar ruwa daga Kosta Rika zuwa gabas, tana auka wa kwaɗin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba, ko yanayi ya sauya ko bai sauya ba. Binciken ƙwayoyin gado na 2018 ya ba wannan ɓangare ƙarfi, da ya nuna asalin Bd gabashin Asiya ne, kuma reshenta mafi kisa ya bazu a duniya cikin ƙarni na 20, zamanin da fataucin kwaɗi tsakanin ƙasashe ya bunƙasa.

Amma hakan bai wanke yanayi ba. Jason Rohr da Thomas Raffel sun sake duba bayanan Atelopus suka ga abin da ya fi tafiya da ɓacewarsu shi ne hawa da saukar zafi daga wata zuwa wata, irin wanda yanayin El Nino ke kawowa, fiye da matsakaicin zafin shekara. A 2013 suka gwada da kwaɗin itace na Kuba. Waɗanda suka saba da digiri 25 aka sauke su kwatsam zuwa 15 sun fi kamuwa kuma sun fi mutuwa a kan waɗanda tun farko aka ajiye su a 15. Dalilin a fili yake. Ƙwayar ƙarama ce, rayuwarta gajera, tana sabawa da sabon yanayi nan da nan. Jikin kwaɗo kuwa yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya daidaita, kuma a wannan tazara ce cutar ke samun gindin zama.

Daga nan aka kai ga bayanin da ya fi gamsarwa zuwa yanzu, wanda Jeremy Cohen da Rohr suka gabatar a 2017. Ƙwayar tana jure zango mai faɗi na zafi da sanyi fiye da kowane kwaɗo guda. Saboda haka kwaɗon ƙasar zafi ya fi shiga haɗari idan aka yi sanyin da bai saba ba, kwaɗon tsauni mai sanyi kuma idan aka yi ɗumin da bai saba ba. Gwaji ya gaskata haka: kwaɗon zinariya na Fanama, ɗan tsauni, ya fi saurin mutuwa da cutar a ɗumi, kwaɗon Kuba ya fi a sanyi. Tsaunin da zafinsa ya tashi daga digiri 14 zuwa 19 bai kusanci iyakar ƙwayar ba ko kaɗan, ya ma shigar da ita inda ta fi jin daɗi, ya kuma gajiyar da mai masaukinta. A tsaunukan Firenis da ke tsakanin Faransa da Sifen an lura cewa shekarun da ƙanƙarar tafki ta narke da wuri, kamuwa takan ƙaru a wasu nau'o'in da ke tafkin. Ɗumamar duniya za ta iya sassauta wa kwaɗin kwari, ta tsananta wa na tudu, kuma na tudun su ne galibi ba su da wani gida sai tsauni ɗaya.

Akwai ƙanwar Bd da ta fi ta son sanyi. An Martel da Frank Pasmans na Jami'ar Ghent ta Beljiyam ne suka gano ta a 2013, bayan salamanda mai ɗigon rawaya ta ragu da kashi 96 cikin ɗari a Holan cikin shekara uku. Ana kiranta Bsal. Ta fi bunƙasa tsakanin digiri 10 da 15, tana mutuwa daga 25. Ita ba kauri take sa fata ba, cinye ta take ta bar gyambo. Daga Asiya ta shigo Turai, ana kyautata zaton ta hanyar cinikin dabbobin ado, abin da ya sa Amurka ta taƙaita shigo da nau'o'in salamanda 201 a 2016.

Afirka

An taɓa zaton Afirka ce mahaifar Bd, saboda an same ta a jikin wani kwaɗon Afirka ta Kudu da aka adana tun 1938, daga nau'in da aka riƙa fitarwa ƙasashen waje ana gwajin ciki da shi. Wannan zato ya faɗi, amma nahiyar ba ta tsira ba. A Tanzaniya, ɗan kwaɗon Kihansi da ke rayuwa cikin sanyin feshin magangarar ruwa guda ya fara raunana ne da aka gina madatsar wutar lantarki ta janye yawancin ruwan, sannan cutar ta ƙarasa shi a 2003. A 2009 aka ayyana cewa ya ƙare a daji, sai waɗanda aka rena a gidajen namun daji na Bronx da Toledo a Amurka. A tsaunukan Oku da Manenguba na Kamaru ma an ga raguwar ƙananan kwaɗi a daidai lokacin da ƙwayar ta yawaita.

An sami Bd a Najeriya, a gandun dajin Okomu na jihar Edo. Wuraren da suka fi cancantar sa ido su ne masu tudu da sanyi, Mambila da Gashaka Gumti da Obudu, domin jerin tsaunukan Kamaru ne suka miƙo zuwa can. A filayen Sakkwato da Kano da Maraɗi kuwa zafin bazara da bushewar kududdufai duk shekara sun saɓa wa bukatun ƙwayar. Sai dai yanayi kaɗai ba ya yanke hukunci: wani bincike na 2013 a ƙasashen da ke yamma da Binin da Togo bai sami ƙwayar ba ko a kurmin da yanayinsa ya dace da ita. Dacewar yanayi abu ɗaya ne, isowar ƙwayar abu ne daban, kuma mutum ne yawanci ke kai ta.

Lamarin bai tsaya ga kwaɗi ba. Wani nazari na 2022 ya gano cewa zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru na wasu shekaru a gundumomin Kosta Rika da Fanama bayan kwaɗinsu sun ragu ƙwarai.

Ɗumi a matsayin magani

Tun 2003 aka nuna cewa ana iya warkar da wani kwaɗon itace na Ostiraliya ta hanyar ajiye shi a digiri 37 na ƙasa da awa 16. Masu kiwon kwaɗi a gidajen namun daji sukan yi amfani da zafi mai sauƙi na tsawon lokaci, misali digiri 30 na kwana goma, ga nau'o'in da ke iya jurewa. Salamanda mai Bsal ma takan warke a digiri 25 cikin kwana goma. Wahalar ita ce kai wannan magani daji.

Anthony Waddle na Jami'ar Macquarie da ke Sidni ya wallafa wata dabara a 2024 da ba ta bukatar lantarki ko magani. Bulo ne mai ramuka, a shafa masa baƙin fenti, a jera shi a rana, a lulluɓe da 'yar rumfar leda irin ta masu renon tsiro. Kwaɗon da aka gwada da shi, wani kore mai ratsin zinariya, ya riga ya ɓace daga sama da kashi 90 cikin ɗari na inda yake a da, kuma da hunturu ne cutar ke kashe shi. Da kansu kwaɗin suka riƙa shiga ramukan bulon suna lafewa, kawunansu kawai ke leƙowa. Waɗanda ke rumfunan da rana ke duka jikinsu ya fi ɗumi, ƙwayar kuma ta ragu a jikinsu fiye da na rumfunan inuwa. Abu mafi muhimmanci, kwaɗin da ɗumi ya warkar sun fi jure kamuwa ta biyu ko da a cikin sanyi ne, alamar garkuwar jikinsu ta koyi ƙwayar. Wannan sakamako ne mai daraja, domin kayan aikin nasa duk mai lambu zai iya saye.

Dabarar tana da iyaka. Tana aiki ne ga kwaɗon da ke son rana kuma yake jure zafin da ƙwayar ba ta jurewa. Kwaɗon koroboree mai baƙi da rawaya, mazaunin fadamun tsaunukan ƙanƙara na kudu maso gabashin Ostiraliya, zafin da zai kashe ƙwayar zai iya kashe shi tare da ita, haka ma yawancin kwaɗin kurmin hazo na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Irin waɗannan ana rena su ne a gidajen namun daji kamar Taronga na Sidni, ana sakin 'ya'yansu cikin shingayen da aka kange daga ƙwayar, ana kuma neman waɗanda suka gaji juriya. Ga wuraren da ƙwayar ba ta kai ba, kariyar ita ce hana ta isa: wanke takalma da kayan aiki tsakanin rafi da rafi, da binciken kwaɗin da ake fataucinsu. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta sa Bd cikin cututtukan da wajibi ne ƙasashe su ba da rahotonsu tun 2008, ta ƙara da Bsal a 2017.